Esin da Tukur Ƙanƙara Ya Haɗa da Hannunsa

Wani mutum ne a Birnin Kebbi, Tukur, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya Ƙanƙara. In ya zauna a majalisa ba mai sakat. Wai a Dubai ya taɓa sanyaya wani otal har baƙi suka riƙa neman bargo a lifta. Alhali iyakarsa Kamba, ita ma biki ya kai shi.

Sai labari ya zo cewa Hajiya Gambo, wata 'yar kasuwa, ta gina zauren biki tana neman wanda zai sa mata esi goma sha biyu. Tukur ya bugi ƙirji ya aika mata: ta zo falonsa nan da sati uku ta ji irin aikinsa, amma ta taho da rigar sanyi.

Matsalar ɗaya ce. Ko fanka mai kirki babu a falon.

Ya faɗa kasuwar gwanjo. Ya sayi ƙaton injin waje mai ƙarfin doki biyar, da ɗan kan ciki mai doki ɗaya. Wannan daga wani kamfani, wancan daga wani. Ya kira Malam Sidi mai gyaran esi ya ɗaura.

Malam Sidi ya duba wannan, ya duba wancan, ya dafe kai.

"Tukur, waɗannan ba sa tafiya tare. Na ciki da na waje dole ƙarfinsu ya zo ɗaya, gas ɗinsu ɗaya. Falonka ma taku huɗu ne, doki ɗaya da rabi ya ishe shi."

"Doki ɗaya da rabi? Ina ka taɓa ganin rabin doki? Biyar da ɗaya shida. Doki shida nake so!"

"Ba haka ake lissafin ba."

"Malam Sidi, tattara sifanunka. Aikin Dubai ba na 'yan gareji ba ne."

Malam Sidi ya hau babur ɗinsa, fuuu.

Tukur ya tsaya yana kallon injinan. Ya ce a ransa, yanzu wannan ƙaton mai tsada zan kai bayan gida rana ta cinye, in bar wannan ɗan firit a falo? Baƙo ya shigo ya ga me? Ya girke ƙaton a tsakiyar falo, har da ɗora masa fulawar roba. Ɗan ƙaramin kuwa ya manna shi a bangon waje, ta bakin titi. Ya haɗa bututu da waya yadda Allah ya nufa, ya kira mai zuba gas ya cika. Ya danna rimot.

Gurrrrr! Labule ya tashi sama. Kalanda ta bar bango. Iska ta fito kamar daga bakin tanda.

Matarsa Luba ta leƙo. "Maigida, gobara ce?"

"Sanyin Dubai ne. Da zafi yake farawa."

Sati uku injin nan bai huta ba. Kyandir ya kwanta. Takalmin roba ya manne da leda. Tukur ya rame ya yi baƙi, amma kullum sai ya fito da hular sanyi yana hura hannu, wai haƙoransa na kaɗawa. A waje kuwa, majalisa kaf ta kwashe tabarmi ta dawo gindin bangonsa. Ɗan kan nan, da doki biyar ke turawa, har ƙanƙara yake tofarwa, tas, tas. Mai kunun aya ta daina sayen ƙanƙara, sai dai ta jera gorunanta a ƙasa.

Ranar alkawari Hajiya Gambo ta iso da rigar sanyinta a hannu. Ta ratsa ta cikin mutane a bakin bango ta ce, "Kai, masha Allah! Waje ma ke nan, ina ga ciki?"

Ta sa ƙafa a falo. Hodar fuskarta ta gangaro har wuya.

"Injiniya, wannan fa?"

Tukur, cikin suwaita da safar hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa ɗis ɗis, ya ɗaga murya don injin ya hana ji: "Hajiya, jikinki ne bai saba ba! Sanyi in ya kai maƙura, zafi-zafi ake jin sa!"

Sai aka ji wani abu daga ƙarƙashin kujera. Tsiyau. Tsiyau-tsiyau.

Hajiya ta ɗage ƙafa. Ɗan tsako ya fito yana tangaɗi. Wani ya biyo shi. Wani da ɓawo a ka. Luba ta shigo da gudu tana salati.

"Wayyo, ƙwan da na sayo a ƙauye! Na ɓoye su a nan don ka ce falon ya fi firji!"

'Yan tsaki talatin suka bazu a falo. Ɗaya ya haye takalmin Tukur ya yi abin da ya kawo shi.

Hajiya Gambo ta fita ta tsaya a gindin bango, ta sha iska sai da numfashinta ya dawo. Tukur ya biyo ta yana murza safar hannu.

"To Hajiya, maganar kwangila?"

"Esi kam Malam Sidi zai sa," in ji ta. "Amma kada ka kashe wannan injin. Injin ƙyanƙyasar gonata ya lalace. Gobe zan aiko da ƙwai dubu biyu, sai ka riƙa juya su safe da yamma, Injiniya."