Rasuwar Madam Odile, Wadda Aka Goge Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, iyalan Mista Leander Roussel na unguwar Treme a birnin New Orleans na Amurka suna sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar saksofon ɗinsa, wato ƙahon tagulla da yake busawa, wadda kowa ya sani da Madam Odile. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce, wajen ƙarfe biyar na yamma, a kan dandalin gidan kiɗa na Tsohuwar Fitila, a gaban mutum ɗari da hamsin. Ko ɗaya daga cikinsu bai lura ba.

Marigayiyar ta shigo hannun Mista Leander yana ɗan shekara ashirin da biyu, daga wajen kawunsa da ya yi kiɗa a jiragen kogi, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Shekara hamsin da biyu suka yi tare. A faɗi gaskiya ko a ranar makoki: ba ta da kyau. Jikinta ya yi duhu kamar gindin tukunya, inda babban yatsa ke zama ya yi kore, ga wata loɓawa a gefe da kujerar wani mashayi ta bar mata. Amma murya, sai wanda ya ji. Dishi-dishi take, can ƙasa, kuma a waƙa mai sanyi kafin sauti ya fito sai ka fara jin wani ɗan huci, fff, kamar tana shawarar ko ta gaya maka ko ta bari. Masu raba abinci sukan tsaya cak da faranti a hannu.

Tana da haƙuri, tana kuma da taurin kai. Ba ta magana sai an ɗumama ta. Shekarar da ambaliya ta cinye unguwa, Mista Leander ya bar kwat ɗinsa da hotunan aurensa, ya fito da ita a ka, ruwa iya ƙirji. Matarsa, wadda kowa ke kira Miss Vernice, ba ta yafe wannan ba har yau, amma ita ce ta fi kowa kuka a makon nan.

Shekara arba'in da ɗaya suna hawa dandalin Fitila duk yammacin Lahadi. Masu gidan uku suka wuce a gabansu. Na huɗu shi ne Mista Kessler, wanda ya sayi gidan shekara biyu da suka wuce, mutum mai fara'a, mai son duk abin da ke ƙyalli.

Ga yadda jinyar ta kasance. Ƙirjin Mista Leander ya tashi, aka kwantar da shi asibiti kwana biyar, Madam Odile na cikin kabad a bayan dandali inda ya bar ta. Makullin kabad ɗin yana hannun Mista Kessler. Gidan zai cika shekara ɗari a Lahadin, an gayyaci masu ɗaukar hoto, shi kuwa ya duba ya ga abin kunya ne a fito da wannan baƙar aba a gaban baƙi. Bai tambayi kowa ba. Ya aika da ita wajen mai goge marikin ƙofofi da fitilun otal, aka ɗora ta a inji.

Duk wanda ya taɓa busa ƙaho a garin nan ya san ba a yin haka. Inji yana cin tagulla, bakin ramuka ya daina zama daidai, fatun da ke toshe su su kasa rufewa, iska ta riƙa zurarewa. Tsofaffi ma cewa suke a cikin duhun nan murya take zaune. Ka yarda ko kada ka yarda, ba wanda yake gwadawa da tasa.

Ranar Lahadi Mista Leander ya zo yana dogara sanda, Mista Kessler ya tare shi a ƙofa baki har kunne.

"Baba Lee! Rufe idonka, na yi maka tsaraba." Ya buɗe akwatinta. "To, duba! Kamar yau aka ƙera ta. Kada ma ka gode mini."

Mista Leander ya daɗe yana kallo. Fuskarsa yake gani a jikinta, abin da bai taɓa gani ba.

"Ina take?" ya ce.

"Wa?"

"Odile."

"Kai, Baba Lee, ba ka rabo da barkwanci! Hau, jama'a na jira."

Ya hau, don bai taɓa barin cikakken ɗaki yana jira ba. Sautin farko ya fito siriri, fiiit, kamar butar shayi. Ya nemi na ƙasa, ta yi gurr, gurr, ta yi shiru. Ya danna, ya cije, ya ba ta duk numfashin da asibiti ya bar masa. Waƙa uku ya yi haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ambrose mai ganga, abokinsa na shekara talatin, ya sunkuyar da kai bai sake ɗagowa ba.

Sai ɗaki ya miƙe tsaye. Tafi kamar rufin zai faɗo, wayoyi a sama, fito ta ko'ina. Wata baƙuwa ta kama hannunsa da hawaye ta ce ba ta taɓa jin abin da ya ratsa ta haka ba. Iyalan suna so a sani cewa wannan tafin ya fi injin yi masa ciwo. Shekara arba'in da ɗaya yana zaton ita suke zuwa ji.

Washegari aka kai ta wajen Tsoho Ignatius mai gyaran ƙaho. Ya sa fitila a cikinta, haske ya fito ta kowane rami. Ya cire tabarau.

"Lee, ɗan'uwana, fata zan iya sauyawa. Ƙarfen da aka cinye fa, ina zan samo shi? Wane jaki ne ya yi wannan aikin?"

"Mai ƙaunata ne," in ji Mista Leander.

Ta rasu ta bar akwatinta mai warin tsohon hayaƙi, da igiyar wuya da gumi ya mayar baƙa, da 'yan karan da ake ɗaura mata a baki don busa guda bakwai, biyu an fara amfani da su. Ta bar Ambrose, wanda ya ce ya daina aikin Lahadi. Ta bar mijinta, Mista Leander, mai shekara saba'in da huɗu. Mista Kessler ya aiko da ta'aziyya da furanni, ya ce zai sayo sabuwa dal, ya kuma nemi a ba shi gawar ya sa a gilashi a saman kantar giya, da 'yar fitila a kanta. Miss Vernice ce ta amsa wa ɗan aiken: "Ka ce masa ya shiga gilashin da kansa. Ai goshinsa ma yana ƙyalli."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a taso daga gida da kiɗa mai sanyi, Ambrose a gaba, a wuce ta ƙofar Fitila ba tare da an tsaya ba. Kiɗan rawa da aka saba yi a hanyar dawowa, wannan karon babu shi. Kowa ya sa ƙahonsa a hammata ya tako a hankali. Akwai jan wake da shinkafa a gida ga wanda ya zo. Ba a buƙatar hoto.

Za a ajiye ta a ɗakin kabarin gidan Roussel, irin ginin nan na saman ƙasa da ake jera mamatan dangi a ciki, inda wuri ɗaya kaɗai ya rage, wanda Mista Leander ya tanada wa kansa. Mai gadin maƙabarta ya tuna masa da ƙa'ida.

"Mista Roussel, ka san idan na rufe ba na buɗewa sai bayan shekara da kwana ɗaya, sannan a matsar da na ciki a sami wuri. Kai kuma da wannan ƙirjin naka, in ta taso kafin nan, ina za mu sa ka?"

"Kai dai ka rufe," ya ce.

Miss Vernice ta roƙe shi ya yi mata alkawarin zai jira a buɗe kafin ya bi Odile. Har zuwa lokacin da aka rubuta wannan sanarwa, bai yi ba.