Kwanar Uban Igiya

Na daɗe ina shakkar maganar da ake yi wai hanyar Rum ba ta san kwana ba. A Masiliya, inda aka tura ni karatu, a kan yashi malamai ke jan miƙaƙƙen layi, yashi kuwa ba shi da fadama, ba shi da gonar kowa. Sai da na dawo gida Galiya na tarar da Sekstus Wibiyus Kapito, babban safiyo mai awon ƙasa na gwamna, na gane ashe malaman nan wasan yara suke yi.

Kapito mutum ne da alloli suka auna kafin su ƙera. Ko burodi zai yanka sai ya rufe ido ɗaya. Yana da giroma, sandar awo mai gicciyen katako a kai, da igiyoyi huɗu masu darma suna reto, kuma ba a taɓa ganin idon wani ya leƙa ta ba sai nasa. Jama'a suka sa masa Uban Igiya. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Bayan giroma, abin da ya fi so a duniya shi ne sabon gidansa da ke bayan kurmi, mai ɗakin wanka da murhu a ƙarƙashin daɓe. Ya ba bayinsa umarni kada wutar ta mutu, kuma ɗanyen itace za a riƙa zubawa, don duk lardi ya ga hayaƙi ya san akwai mai wanka da ruwan zafi.

Da gwamna ya ce a ja hanya daga barikin soja zuwa kogi, Kapito ya aika sojoji wani tudu can bayan kurmi su hura wuta, ya saita igiyoyinsa a kan hayaƙinta. Ruwan sama ya jiƙe musu itace, wuta ta ƙi kamawa. Amma da Uban Igiya ya rufe ido ɗaya, sai ga hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe sama, gwanin kyau.

Albanus, shugaban sojojin aikin, ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, kamar tudun nan ya fi haka karkata hannun dama."

"Albanus, kai takobi aka koya maka. Tudu yana iya kuskure. Igiya ba ta yi."

Aka kafa turaku, aka shiga haƙa. Hanya ta ci rumbu, ta ci rijiya, har ta iso gonar tuffa ta Diwiksta, wata tsohuwa mai dafa giya.

"Ranka ya daɗe, ɗan gota kaɗan mana. Mijina ne ya dasa su kafin ya mutu."

Kapito ya gyara mayafi, ya hau kan kututture don kowa ya ji. "Iya, Rum ba ta ratse wa sarakuna ba, ba za ta ratse wa tuffa ba. Duk abin da igiya ta taɓa ya zama hanya, ko gidan wane ne. Ku riƙe wannan magana, ku gaya wa jikokinku."

Suka riƙe kuwa.

Aka sare tuffa, aka shiga kurmi. Kapito na gaba kullum, yana yabon sojojin tudu da ba su taɓa barin wutarsu ta mutu ba. Ranar da itacen ƙarshe ya faɗi, haske ya buɗe, sai ga gida mai jan rufi, hayaƙi na tashi daga bayansa. Turakun sun nufi ƙofar zaure, sun bi ta ɗakin cin abinci, sun dira tsakiyar kwamin wanka. Ko faɗin yatsa ba su kauce ba. A gaskiya ba a taɓa awo mai kyau irin wannan ba.

Kafin rana ta take, ƙauye ya hallara. Diwiksta na gaba, da diga a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, na zo taya Rum aiki. Ta zaure za mu fara ko ta wanka?"

Uban Igiya ya dubi sama har wuyansa ya gaji. Can wani hankaka ya gifta. Nan take ya sanar cewa alloli sun yi magana: ba sa son hanya ta bi nan. Albanus ya ce shi dai gani ya yi hankakan na bin mushe, amma shi takobi aka koya masa.

Haka hanya ta karye a ƙofar gidan Kapito kamar gwiwar hannu, ta zaga, ta koma neman kogi. A daidai nan aka kafa dutsen da ke ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe. Duk amalanken da ya kife a kwanar, mai shi kan karanta sunan da ƙarfi, ya haɗa da na iyaye. Diwiksta ta kafa rumfar giya a gefe, ba ta rasa masu jinyar ƙugu.

Na same shi kwanan baya yana fitowa daga wanka, jiki na tururi. Na ce, "Yallaɓai, yaya aka yi hanyar Rum ta yi kwana?"

Ya rufe ido ɗaya ya dube ni.

"Hanya miƙe take, ɗana. Lardin ne ya karkace, kuma na sanar da gwamna."