Rasuwar 'Yar Carafke, Ƙwallon Ajin Turanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin jifa, Malam Iliyasu, malamin Turanci na aji shida a wata sakandare da ke tsakanin Kura da Bunkure, yake sanar da 'yan'uwa malamai da ɗalibai rasuwar abokiyar aikinsa, ƙwallon bitar nahawu wadda aka fi sani da 'Yar Carafke. Ta cika a cikin durowar teburinsa bayan gajeriyar jinya, ba kowa a kanta.

An haifi marigayiyar daga tsohuwar safar Malam ta ƙafar hagu. Shi ya ɗura mata shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, ya ɗinke bakin da zaren buhu. An ba shi shawara ya sa buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, don ya fi laushi, ya ce shi ba matashin kai yake ɗinkawa ba.

Aikinta kowa ya san shi. Malam zai faɗi kalmar aiki da Turanci, ya wurga ƙwallon ga wanda ransa ya so. Wanda ta faɗa wa sai ya cafe, ya mayar da kalmar zuwa shuɗaɗɗen lokaci kafin aji ya gama tafi uku. In ya kasa, sai tsallen kwaɗo har bakin allo, 'yan aji suna rakiya da ihu. Wasa ne, in ji Malam, don yara su so darasi.

Marigayiya ba ta da yawan magana. In ta samu tafin hannu ta ce "caf", in ta samu ƙirji ta ce "tim", in kuwa Allah ya haɗa ta da ƙeyar mai gyangyaɗi, sai ta ce "ɗau", ajin kusa ma su ji. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Ba ta raina kowa, amma gaskiya tana da nata na hannun dama, kuma babu wanda ta ƙaunata kamar Mudassiru.

Mudassiru shi ne dogon nan na bencin baya, mai i'ina, wanda yake maimaita aji shida. Babansa ya riga ya faɗa masa a gaban mutane cewa wannan ce jarrabawarsa ta ƙarshe: in Turanci ya sake kayar da shi, to ya ajiye biro ya ɗauki fartanya har abada. A takarda yaron yana kawo amsa daidai, wannan ko Malam bai musa ba. Sai dai marigayiya ba ta karatun takarda. Da ta sauka a hannunsa sai harshe ya sarƙe, ya kama "wa… wa… wa…" yana lumshe ido, jijiyar wuya ta miƙe, tafi na uku ya wuce shi. Wayyo, dariya! Malam yakan ce duk sati in bai ga tsallen kwaɗon Mudassiru ba, abinci ba ya yi masa daɗi.

Ajali ya zo ranar da za a tafi hutun tsakiyar zango. Malam ya saita Mudassiru, ya saki hannu da ƙarfi, sai yaron nan mara kunya, maimakon ya cafe, ya sunkuya. Marigayiya ta bi ta taga ta faɗa kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani. Kalmarta ta ƙarshe a duniya ita ce "tsulum". Malam ya naɗe wando ya tsamo ta da kansa, ya matse, ya kulle ta a durowa don kada maƙiya su ƙarasa ta. Ɗan manomi ne, ya san abin da shanshera take yi in ta sha ruwa ta samu duhu da ɗumi, amma ɓacin rai ya rufe masa ido.

Da aka dawo hutu, wari ne ya fara yi masa maraba. Ya tarar da ita ta kumbura, ɗinkin ya ɓalle, fararen saiwoyi sun huda safar ta ko'ina, ta tsiro. Malam ya zauna a kujera, ya kasa ko kiran suna.

Ta rasu ta bar mijinta Malam Iliyasu, da kishiyar safarta ta ƙafar dama, da bulala guda wadda za ta riƙe gidan kafin a ga abin da hali zai yi. Cikin ɗalibai, ta bar Sumayya da tabarau mai ɗaurin zare, ta bar Musbahu da tabo a leɓe. Ta kuma bar jarirai masu ɗimbin yawa, korra shar, duk suna raye.

An samu labarin 'yan aji sun yi karo-karo sun sayi rake ranar da abin ya bayyana. Malam yana da sunayensu.

Malamin Islamiyya ya ce ba a yi wa safa salla, don haka za a wuce kai tsaye. Za a binne fatar a gindin darbejiyar bayan aji ranar Litinin bayan taron safe, kuma halarta dole ce. Duk wanda aka ga haƙorinsa a waje zai raka ta da tsallen kwaɗo.

Marayun kuwa za a dasa su a fangalin makaranta da ke bakin kanal, don in sun nuna a ɗura wa safar dama ta gaji kishiyarta. Rainonsu yana wuyan wanda ya mayar da su marayu. Mudassiru zai riƙa ban ruwa, da cire ciyawa, da korar tsuntsaye, a daidai lokacin darasin Turanci, kullum, har girbi. Ya zo ofis yana ta "Ma… Ma… Malam, ja… jarra…", Malam ya tafa sau uku ya ce lokaci ya ƙare. Ai Malam ya sani sarai za a gama jarrabawa kafin shinkafar ta nuna. Ya ce ba komai, gara yaro ya saba da sana'arsa tun yanzu.

Ana karɓar gaisuwa a ofishin malamai. Mai zuwa wa Mudassiru jaje ya taho masa da fartanya.