Yadda Za Ka Kalli Shirin da Ka San Ƙarshensa a Zauren Surukinka

Idan ka bi matakan nan a tsanake, na lamunce maka za ka fito daga zauren uban budurwarka da mutuncinka da nasa, alhali ka riga ka san wanda ya yi kisan. Na gina su a kan abin da ya sami Mamuda, wani saurayi a Roni da ya karanta shari'a, wanda ya kwana yana juyi a kan tabarma yana tambayar kansa ko ilimi na da wani amfani ban da jawo wa mutum gayyata.

1. Ka san laifinka

Laifin Mamuda gaggawa. Akwai wani shirin 'yan sanda a talabijin, inda aka sake buɗe binciken kisan wani dillalin shanu bayan shekaru. Direbansa ake zargi, da ƙaninsa. Mamuda ya kasa haƙuri, ya je Kazaure wajen masu tura finafinai a waya, ya kalli kashin ƙarshe. Ƙanin ne. Yana dawowa saƙo ya iske shi: Alhaji Hamma, mahaifin budurwarsa Shatu, wanda har yau bai ce a turo ba, yana son gobe ya zo su kalla tare, ya raba masa gardama da amininsa Malam Muhammadu Lawal.

2. Ka zauna wajen takalma

Ka durƙusa ka gaida kowa, sannan ka raɓe kusa da ƙofa. Za a ce ladabi ne. Kai ka san hanyar fita ce.

3. Ka auna abin da aka ɗora maka

"Direban ne," in ji Alhaji Hamma. "Ciki ɗaya ba ya zubar da jinin ciki ɗaya. In ba shi ba ne, na daina sa baki a maganar gari."

"Roni za ta huta," in ji Malam Muhammadu Lawal.

Maganar da dattijo ya furta a zaurensa ƙwai ce, kuma yau a tafin hannunka take.

4. In an tambaye ka, ka yi shari'a

"Kai Lauya, me ka gani?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, a ƙa'ida kowa mai gaskiya ne har sai an tabbatar da laifinsa."

"Shekara da shekaru a jami'a," in ji Malam, "abin da ya kawo mana tsaraba ke nan."

Ka jure. Gwamma a ce ba ka sani ba da a ce ka ƙaryata suruki.

5. Ka tsare fuskarka

Wanda ya san ƙarshe yakan firgita kafin lokaci. A nan Mamuda ya yi tuntuɓe: ya runtse ido tun sufeton da ke binciken bai buɗe akwatin ƙanin ba. Alhaji ya dube shi, kallo mai tsawo.

"Ko da yake ƙanin nan ma idonsa a tsaitsaye yake," ya ce a hankali.

"A'a, Alhaji, ka riga ka faɗa," in ji Malam.

6. Ka tuna janareto ma ajizi ne

Da sufeton ya tara dangin mamacin a ɗaki ɗaya, Mamuda ya ɗauki buta ya zaga bayan zaure. Ya tsaya a gaban janareton yana tunani: gaskiyar da ta yi shekaru a cikin fayil ba za ta mutu don ta ƙara kwana ba. Ya rufe makullin mai. Hikimar ita ce injin zai ɗan ci gaba da abin da ke cikinsa, don haka ka dawo ka zauna kafin ya shiƙe. Sufeton ya ɗaga yatsa zai nuna mutum. Duhu ya rufe zauren.

"Ikon Allah," in ji Alhaji, da muryar wanda aka sauke wa kaya.

"Gobe zan tambayi yara," in ji Malam.

"Maganar yara ba hujja ba ce. Ko ba haka ba, Lauya?"

"A ƙa'ida haka take, ranka ya daɗe."

7. Ka karɓi hukunci

A ƙofar gida Shatu ta tare shi da ruwa da sabulu.

"Baba ya ce ka turo manyanka ranar Juma'a. Ya kuma ce ka wanke hannu, zauren duk ya ɗauki warin fetur."

Marubucin bai ɗauki alhakin janareton da ya ƙi tashi washegari ba, ko aminin da ya ƙullace ka har ranar ɗaurin aure. Wanda surukinsa ya sa sola kuwa, sai ya faɗi gaskiya, Allah Ya ba shi wata.