Tserena da Saja Yohanna

Shekarar da sojoji suka koma bariki, masaƙar da nake aiki ta sallame mu. Zaman gida ya ajiye mini tumbi. Likita ya ce in riƙa tattaki a hankali, ni kuwa na ce tattaki ai na masu zuwa cefane ne.

Maƙwabcina a unguwar Television, Saja Yohanna, tsohon soja ne mai fita gudu kowace safiya. Na ɗaura kambas na bi shi.

Ya ce, "Malam, bi a sannu. Ni shekara talatin ina wannan."

Na wuce shi, har ina ɗaga wa 'yan teburin shayi hannu. Kafin Unguwar Boro zuciyata ta rikice. Ta buga uku a guje, ta tsaya kamar mai tunani, ta sake zabura. A baron mai doya Saja ya tura ni asibiti, sababbin kambas ɗina na reto.

Likita ya ce gudun da ban saba ba ne ya tsokano mini ciwon zuciya. Har yau ina kan magani.

Saja ya rasu, masaƙa ta zama kango, amma 'yan teburin shayi suna nan. In na gifta sai su ce, "Malam, yau da ƙafa? Ina baro?"