Ranar da Na Ɗora wa Kaka Kaya a Ka

Ba na jin zan taɓa mantawa da yadda Baba ya kira ni da cikakken sunana ran nan da hantsi, ina tsakiyar wanke-wanke. A gidanmu ba a haɗa sunan mutum da na ubansa sai an yi ɓarna. Na ɗago, na ga wayarsa a hannu, a fuskar wayar kuma zanena ne.

Tun da na gama sakandare a Malumfashi na kamu da karatun manga, wato labaran zane na Japanawa, har na fara zana nawa a littafin rubutu ina ɗauka a waya ina tura wa ƙawaye. Labarin wata yarinya ne mai yaƙi da aljanun da ke sace dawa a rumbu. A ciki akwai wata tsohuwa mai taɓarya da ta fito sau biyu kacal, amma ƙawayena suka bar jarumar suka koma tambayar tsohuwa.

Yaya Bulus, mayen finafinai, shi ya zuga ni. Ya ce a fim ne ake ɓallo mutum ɗaya daga labari a yi masa nasa fim ya karɓu, don ɗan wasan rai gare shi. "Amma tsohuwarki ta takarda? Shafi uku ta ƙare."

Na yi mata shafi ashirin da biyu (taurin kai gadonmu ne). Abin da ban lissafa ba shi ne, mai fim hayar baƙo yake yi, mai zane kuwa hannunta wanda ta sani yake zanawa. Tsohuwar ta fito da tsagar Kaka, da hararar Kaka, har da ɗan gwangwanin tabar garin da Kaka ke ɓoyewa a ƙugu tun da ta shiga zumuntar mata ta coci. Na gani sarai. Sai na yi dabara. Kaka, kamar matan ƙauyensu na wajen Kafur, a kafaɗa take ɗaukar kaya, ba ta taɓa ɗorawa a ka ba. Ni kuwa na ɗora wa tsohuwata dami a ka, na ce yanzu ba mai ganewa. (Ku dubi wayo.)

Na tura wa ƙawaye. Kwana huɗu zanen ya ɗauka ya kai wayar matan zumunta, daga nan ya faɗo ta Baba.

"Uwata kika mayar abin dariya?" in ji shi. "Kwaso littattafan nan duka. Ta aiko a kawo ki. In ta ce a ƙona, a gabanta zan ƙona."

Zanen shekara biyu na zuba a buhu. A bayan babur har Kafur ina ta tuna cewa Kaka ce ta saya mini fensir na farko da kuɗin daddawarta, ni kuma na tona mata taba a gaban duk coci. Ba ƙona littattafan ya fi tsorata ni ba. Kada ta daina kirana "mai fensir".

Muka tarar da ita a gindin rumbu da ƙawayenta uku. Na durƙusa. Ta karɓi wayar Baba, ta nisanta da ita daga ido.

"Wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce, Kaka. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira da tsagata?"

Ƙawayen suka kwashe da dariya. Ni kuma na fashe da kuka, irin mai majina, na fara ba da haƙuri a kan gwangwanin.

"Wane gwangwani? Taba? Wanda bai san ina shan taba ba a garin nan hanci ne ba ya da shi." Ta buga yatsa a kan damin. "Wannan nake tambaya. Yaushe kika ga kaya a kaina? Uwata ba ta ɗora ba, uwarta ba ta ɗora ba. Kin sa matan gari suna tare ni a hanya, wai ashe na koma 'yar birni."

Baba ya gyara murya. "Inna, a ƙona su ne?"

"Kai wa ya sa da kai? Tsakanina da mai fensir ne." Ta jawo buhun kusa da ƙafarta. "Ba mai taɓa ki, ba mai taɓa takardun nan. Share hancinki ki sauko mini da damin nan kafaɗa. Kuma aljanin shafin ƙarshe, sau ɗaya na buge shi? Ƙara biyu."

Rana ta take tsaka lokacin da ta faɗi haka, na sha ruwa kofi biyu na ɗauki fensir.

Yaya Bulus ya yarda na ci gardama. Ni dai abin da na koya: in za ki ɓallo wani daga labari ki yi masa nasa, ki tabbata ba ya da ɗa mai babur da ya san hanyar gidansu.