Mantau da Tsumman Taga

A Tsamiyar Bawa an yi wani mutum, Mantau, wanda in ka gaya masa magana zai bi ta sak, ba ƙari ba ragi. Yana zaune da uwarsa, Inna Tabawa, da matarsa Lantana, wadda ta haihu ana tsakiyar sanyi. Ita kuwa Inna ba abin da take tsoro kamar sanyi ya kama maijego da jariri.

Wata rana aka ɗora ruwan wankan jego, wuta ta ƙi ci. Inna ta ce wa Mantau, "Itacen da ka cusa ya yi yawa. Raba su, iska ta samu hanya." Mantau ya kai ɗaya bakin rumbu, ɗaya zaure, ɗaya gindin dalbejiya, ya tsuguna gaban murhu wayam. "Inna, iska ta shiga, wutar ce ba ta zo ba."

Wata rana ta miƙa masa mafici ta ce, "Yi ta fifita wutar har in dawo." Hira ta riƙe ta a maƙwabta. Da ta dawo ta tarar itace ya cinye, ruwa ya ƙafe, gemun gogan ya yi fari fat da toka, yana nan yana fifita.

Wata rana da hantsi sanyi ya tsananta. Inna ta cika kasko da gawayi ta kai ɗakin Lantana, ta toshe taga da tsumma, ta rataya tsohon bargo a ƙofa. A ganinta gata ta yi. Za ta tafi niƙa ta ce wa Mantau, "Duk tsumman da ke gidan nan ka kwashe ka wanke." Mantau ya bi ɗaki ɗaki. Ya zare na taga, ya sauke bargon. Ya kira Lantana bai ji amsa ba, ya ce barci take, ya wuce rafi.

Inna ta dawo ta ga ɗaki a hangame, ta rarumi muciya tana neman Mantau. Sai ga Lantana ta rarrafo bakin ƙofa tana amai, kai na sara mata, jariri yana ɗan kuka da ƙyar. Aka kira unguwarzoma, ta duba su ta ce, "Gawayi a rufaffen ɗaki shi ke cinye iskar mutum. Da ba a buɗe ba, gawa biyu za ki tarar."

Inna ta yar da muciya, ta zauna tana hawaye. Da Mantau ya dawo da wanki ta ce, "Ɗan nan, kada ka mayar da tsumman nan."

Jaririn ya girma har ya yi aure, Inna ta daɗe da rasuwa. Tagar tana nan a buɗe, rani da damina. Duk wanda ya yi magana sai Mantau ya ce, "Inna ba ta ce a mayar ba."